Tsohonka Ya Manta, Allah Bai Manta Ba

 Ko akwai tsoho a gidanku wanda hankalinsa ya fara gushewa? Yakan ci tuwo, tun ba a wanke kwano ba ya ce rabonsa da abinci tun jiya. Yakan dubi ɗan cikinsa ya tambaye shi daga wane gari ya zo. Ko kuwa tsohuwa ce. Takan tashi da tsakar dare ta ɗaure tsummokinta, ta ce za ta gida wurin innarta, alhali kuwa innar ta yi shekara 40 a kabari. In babu irin wannan a gidanku, ka duba maƙwabta. Daga Mallawa zuwa Dungas, daga Dogo-Dogo zuwa Magarya, akwai gidajen da ake fama da wannan abu a ɓoye, saboda kunya.

Domin waɗannan gidaje aka rubuta wannan 'yar takarda. Kada ka karanta ta kai kaɗai. Ka bari sai an ci abincin dare, ka tara iyali, maza da mata, ka karanta musu a hankali.

MENE NE GIGIN TSUFA?

Kowane tsoho yakan yi mantuwa. Ya manta inda ya ajiye goronsa, an jima ya tuna. Wannan ba kome ba ne. Amma akwai wata mantuwa wadda take ciwo ce sosai. Kakanninmu sun kira ta gigin tsufa, masu aikin likita kuwa suna ce mata ciwon mantuwa. Cikin ƙwaƙwalwa take. Kamar yadda gara take cin rumbu daga ciki, ana ganinsa a tsaye amma hatsin yana ƙarewa, haka wannan ciwo yake cin ƙwaƙwalwa kaɗan kaɗan, shekara da shekaru. Abin da ya faru ɗazu shi yake fara ɓacewa. Abin ƙuruciya yakan daɗe. Shi ya sa tsohuwa take iya ba ka labarin yunwar da aka yi tana budurwa, amma ba ta san ko ta sha fura yau ba.

Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya ga wata mace mai shekara 51 da wannan ciwo a birnin Frankfurt a 1901. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga ta lalace ƙwarai. Har yau irin ciwon da ya fi yawa da sunansa ake kiransa. Wani iri kuma yakan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, sa'ad da jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne suke da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna cikin ƙasashe marasa wadata. Ashe ba gidanku kaɗai ba ne. Yana kama sarki, yana kama talaka. Yana kama limami, yana kama fasto.

Ga abu ɗaya da ya kamata ku rarrabe. Gigin tsufa a hankali yake zuwa. In tsoho yana lafiya jiya, yau kuwa ya ruɗe farat ɗaya, to, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko shanyewar jiki. Ku kai shi likita a ranar, kada ku kwana. Da yawa daga cikin waɗannan suna da magani. Wani tsoho kuma kunne ne ya toshe, ko yanar ido ce ta rufe shi, ko baƙin cikin rashin matarsa ne ya danne shi, mutane suka ce gigi ne. Ku faɗa wa mai aikin likita dukan abin da kuke gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi gigin tsufa na sosai, har yanzu ba a sami maganin da yake warkar da shi ba. Saboda haka kada ku sayar da gona ko akuya domin mai magani ya yi muku alkawari a kasuwa. Kada kuma ku ɗura wa tsoho ƙwayoyin barci na masu talla, gama suna ƙara ruɗa shi, suna sa shi faɗuwa.

BA MAITA BA CE

Sa'ad da tsohuwa ta fara yawon dare, tana magana da matattu, sai raɗa ta tashi a gari. Wani ya ce iska ce. Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce mayya ce, asirinta ne yake tonuwa. In yaro ya yi zazzaɓi a unguwa, sai a fara kallonta. Abin tausayi kuwa, in aka matsa mata da tambaya za ta iya amsa laifin da ba ta yi ba, gama ba ta san abin da bakinta yake faɗa ba.

Wannan zargi yana kisa. A watan Yuli na 2020, a ƙauyen Kafaba cikin arewacin Gana, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, duka har ta mutu, jama'a suna tsaye suna kallo, domin an ce mayya ce. A 2023 kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 saboda wannan aiki. Amma ɗauri bai ta da tsohuwa ba.

Ɗan'uwa mai bi, doka ta tara ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci. Yaya fa a kan uwar da ta goye mu? In ka ji an fara wannan raɗa, ka tashi ka tafi wurin mai gari da dattawa, ka bayyana musu ciwo ne. Kada ka yarda a ɗaure tsohonka a mari, ko a doke shi, ko a hana shi abinci da sunan fitar da aljani, ko da mai yin haka yana riƙe da Littafi Mai Tsarki a hannunsa. Addu'a domin mara lafiya wajibi ce. Amma ba a taɓa karanta cewa Yesu ya doki mara lafiya ko ya karɓi kuɗi a hannun danginsa ba.

ABIN DA ALLAH YA ƊORA A KAN 'YA'YA

A Turai da Amurka akwai gidajen da ake kai tsofaffi, ma'aikata suna lura da su ana biyansu. A ƙauyukanmu babu wannan. Abin da kowa yake sa rai shi ne tsoho ya ƙare kwanakinsa a ɗakinsa, a hannun 'ya'yansa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. A nan al'adarmu ta yi daidai da Maganar Allah.

Girmama uwa da uba ita ce doka ta biyar cikin Dokoki Goma (Fitowa 20:12). Allah bai sa mata iyaka ba. Bai ce a girmama su muddin suna da hankali, ko muddin suna gane mu ba. Ka tuna da Yusufu. Yana da shekara 17 aka raba shi da ubansa. Da Yakubu ya gangara Masar yana tsoho mai shekara 130, Yusufu ya zaunar da shi a Goshen, ya ciyar da shi har shekara 17. Shekarun da uba ya yi yana renon ɗa, su ne ɗa ya yi yana renon uba.

Ka tuna da Barzillai, tsohon da ya ciyar da sarki Dauda lokacin gudunsa daga Absalom. Sarki ya so ya kai shi Urushalima ya huta a fada. Barzillai yana da shekara 80. Ya ce bakinsa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa ya daina jin mawaƙa, abin da yake so shi ne ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa. Dauda bai tilasta masa ba (2 Sama'ila 19). Haka yawancin tsofaffinmu suke. Ɗauke mai gigi daga ɗakin da ya sani a kai shi birni yakan ƙara ruɗa shi.

Ubangijinmu ya tsauta wa Farisiyawa domin sun koya wa mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, don ya tsere wa taimakon iyayensa (Markus 7). Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ibadar 'ya'ya da jikoki a gida take farawa, mai bi wanda ya ƙi kula da nasa kuwa ya ƙaryata bangaskiyarsa da aikinsa (1 Timoti 5). Shi kansa Yesu, yana kan gicciye, zunubin duniya yana bisansa, bai manta da uwarsa ba. Ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya kai ta gidansa (Yohanna 19).

Wataƙila ka ce, "Ubana ba mai bi ba ne. Ranar da na karɓi Yesu ya kore ni, ya hana ni gona." Mun sani akwai masu wannan miki a zuciya. Duk da haka ubanka ne. Kristi ya mutu dominmu tun muna maƙiyansa. Ka koma ka ɗauki rabonka na jiyya tare da 'yan'uwanka Musulmi, da ladabi, ba da gardama ba. Ruwan da ka ɗebo da zanen da ka wanke za su yi shaidar da bakinka bai iya yi ba.

A KAN WA KAYAN YAKE SAUKA?

Yanzu mun zo wurin da gidaje da yawa suke yin kuskure. Kowa yana cewa, "Mu ba ma yar da tsohonmu." Amma wane ne "mu"? Da an gama girbi, maza sun tafi cin rani, wani Kano, wani Legas, wani Agadas, wani har Libiya. 'Ya'ya mata suna gidajen aurensu a wasu garuruwa. Wa ya rage? Sau da yawa mace ɗaya ce, matar ɗa. Ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce itace, ga goyo a baya. A kan wannan kuma aka ƙara mata tsohuwar da ba ta barci, mai ɓata shimfiɗa, mai zaginta da ɓarauniya a gaban baƙi. Ko kuwa a fitar da jika 'yar shekara 12 daga makaranta a ce ta zauna da kaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatarwa wajen jiyyar masu wannan ciwo, mata ne suke ba da shi. A ƙauyukanmu ba ma bukatar a faɗa mana. Muna gani da idonmu.

Sa'an nan ɗa ya zo daga birni da Kirsimeti, ya kwana biyu, ya ga uwarsa ta rame, ya hau matar ƙanensa da faɗa. Ya ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Kai da ba ka taɓa kwana ɗaya a zaune ba, da wane baki za ka yi wa mai shekara uku tana yi shari'a?

Dokar girmama iyaye ga 'ya'ya aka ba da ita, maza da mata. Rut ta manne wa surukarta Na'omi, ta yi kala a gonar Bo'aza ta ciyar da ita, Allah kuwa ya sa mata albarka har ta zama kakar uban sarki Dauda. Amma da yardar ranta ta yi. In matarka tana jiyyar uwarka, alheri take yi maka. Ka gode mata a gaban mutane. Ka kāre ta sa'ad da dangi suka taso. Akwai kuma kunya tsakanin mace da uban mijinta, wadda ba ta iya ko kiran sunansa. Yaya za a ce ita za ta yi masa wanka? Wannan aikin 'ya'yansa maza ne. Namiji bai ragu ba don ya wanke ubansa. Ubangiji da kansa ya yi ɗamara ya wanke ƙafafun almajiransa.

Yetro ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya faɗa masa zai gaji ya faɗi, ya ba shi shawara ya raba aikin (Fitowa 18). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ku kira taron iyali tun kafin a watse cin rani, ku sa dattijon ikilisiya ko kawu ya zauna tsakani. Ku yanke magana filla-filla. Wa zai kwana da tsoho, a waɗanne ranaku? Wa zai ba da tiya nawa ta gero? Wa zai aiko da kuɗin sabulu da na likita kowane wata, ba sai an roƙa ba? Wane ɗa ne zai fasa tafiya bana, sauran su ɗauki nauyin gidansa? Yaushe mai jiyya za ta je ganin nata iyayen? Ku bar ta ita ma ta yi magana a taron. Yarinya kuwa ta taimaka da yamma, amma kada a kashe mata karatu.

Ke kuma 'yar'uwa mai jiyya, ga magana dominki. In kin gaji, ba zunubi ba ne. In wani dare kin yi kuka kin ce, "Ya Ubangiji, har yaushe?", masu zabura ma sun yi irin wannan kuka. In kin ji fushi yana tasowa har hannunki yana so ya ɗaga, ki fita waje, ki kira maƙwabciya, ki sha ruwa. In kuwa kin riga kin yi abin da zuciyarki take kā da ke, ki kawo shi wurin Yesu, akwai gafara. Ki faɗa wa mijinki da matar fasto gaskiyar ƙarfinki. Zagin da tsohuwa take yi miki ciwo ne yake magana. Allah yana ganin kowane zane da kika wanke da asuba, sa'ad da ba mai gani.

KU RUFA MASA ASIRI

Nuhu ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa. Nasa dalilin ruwan inabi ne, amma darasin ya shafe mu. Ham ya gani, ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya, suka rufe ubansu, suka sami albarka (Farawa 9). Mai gigi zai tuɓe a tsakar gida. Zai faɗi maganar da bai taɓa faɗa ba yana da hankali. Ku rufe shi. Kada ku bar yara su mai da shi abin wasa, kada kuma wani ya ɗauki hotonsa a waya. Ku ci gaba da kiransa Baba, ku durƙusa ku gaishe shi kamar dā.

Kada kuma ku ci amanar rauninsa. Sa'ad da idon Ishaku ya dushe, Rifkatu da Yakubu suka ruɗe shi saboda albarkar ɗan fari. Sakamakon haka Yakubu ya yi shekara 20 a baƙuwar ƙasa, gida ya rabu. Yau ma akwai mai lallaɓa tsoho ya ce ya ba shi fadama, ko ya kai sansa kasuwar Maigatari ran Alhamis ba da sanin kowa ba. Sata ce. Dukiyar tsoho a kashe ta wajen jiyyarsa, da sanin dukan magada.

SHAWARWARI NA YAU DA KULLUM

Kada ku yi gardama da shi. In ya ce bai ci abinci ba, ku ce, "To, Baba, ga ɗan kunu." In ta ce an sace mata kuɗi, ku taya ta nema, ku koyi wuraren da take ɓoyo. In tana kiran mijinta da ya rasu, kada ku yi ta sanar da ita mutuwarsa, gama kowane lokaci sabon makoki ne a gare ta. Ku ce, "Inna, ba mu labarinsa."

Ku yi magana a hankali, kuna fuskantarsa, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ku bar shimfiɗarsa da butarsa da sandarsa a inda ya saba. Ruɗewa takan ƙaru daga la'asar zuwa almuru, don haka a kunna fitila da wuri, a rage hayaniya, wani ya zauna kusa.

Ku lura da rijiya, da murhu, da kwalbar fetur, da maganin ƙwari na gona. Ku ɗinka wani ƙyalle a rigarsa mai sunan garinku da lambar waya. Ku sanar da maƙwabta da makiyayan da suke kewaye, domin in sun gan shi ya nufi daji su komo da shi. Mu da muke bakin iyaka, tsoho yana iya bin hanyar kasuwar da ya saba tun yana saurayi, ya tsallaka Nijeriya bai sani ba. Ku rataya gwangwani ko ƙararrawa a ƙofa saboda dare. Wannan ya fi ɗaure shi da igiya.

Ku ba shi ruwa sau da yawa, ko bai roƙa ba, balle a watannin zafi. Abinci mai laushi, kaɗan kaɗan, yana zaune sosai don kada ya shaƙe. Ya kwana cikin gidan sauro. In ya kai ga kwanciya, a riƙa juya shi dare da rana, a tsane jikinsa, don kada gyambo ya fito a baya da ɗuwawu.

Ku ba hannunsa aiki. Hannu yakan tuna abin da kai ya manta. Tsohuwa ta ɓare gyaɗa, ta tsinke zogale. Tsoho ya tufka igiya a inuwa. Ko aikin bai yi kyau ba, ku ce sannu da aiki.

Ku kuma da ƙarfinku yake tukuna, rigakafi ya fi magani. Ku riƙa gwada hawan jini, ku sha magani in an ba ku. Ku rabu da taba da giya. Waɗannan suna rage hatsarin ciwon.

AIKIN IKILISIYA

Sa'ad da hannuwan Musa suka gaji a bisa tudu, Haruna da Hur suka zaunar da shi a kan dutse, suka tallafe su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har faɗuwar rana (Fitowa 17). A ikilisiya ta fari, da aka ji gunaguni a kan abincin gwauraye mata, manzanni ba su yi shiru ba. An zaɓi mutum 7 domin aikin (Ayyukan Manzanni 6). Masu bi a ƙasarmu kaɗan ne, amma ba mu yi kaɗan ga wannan ba.

Zumuntar mata ta raba kwanaki, kowace mace ta ba da yini ɗaya, mai jiyya ta je kasuwa ko ta yi barci. Ran Lahadi wata ta zauna da tsohuwa domin mai jiyya ta sami sujada. Matasa su yi gayya a gonar ɗan da ya fasa cin rani saboda ubansa. A ware wani abu daga baikon girbi. Fasto da dattawa su kai Jibin Ubangiji har ɗaki. Tsohon da ba shi da ɗa ko jika kuwa, na ikilisiya ne duka. In maƙwabcinku Musulmi ne yake wannan fama, shi ma ku kai masa hannu. Zumunta a ƙafa take.

IN YA MANTA DA SUNAN YESU FA?

Ga tambayar da take hana waɗansu barci. Dattijo ya bi Ubangiji shekara 50, ya sha tsanani saboda sunansa. Yanzu bai san addu'a ba. Wani lokaci yana zagi. Wani lokaci yana maimaita kalmomin da ya koya yana yaro, tun kafin ya ji bishara. Har dangi su ce, "Kun gani, ya komo hanyarmu." Ko cetonsa ya tafi ke nan?

A'a. Mun riga mun ga cewa abin ƙuruciya ne yake saura sa'ad da na baya ya goge. Aikin ciwo ne wannan. Ba tunaninmu ne ya cece mu ba, jinin Kristi ne. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai yi alkawarin zai riƙa tunawa da Ubangiji ba. Roƙo ya yi Ubangiji ya tuna da shi (Luka 23). Makiyayi ne yake riƙe da tunkiya, ya kuma ce ba mai iya ƙwace ta a hannunsa (Yohanna 10). Ta bakin annabi Ishaya Allah ya yi alkawarin ɗaukar mutanensa har kwanakin furfura, ya kuma nuna ƙaunarsa ta fi ta uwa mai shayarwa daɗewa (Ishaya 46 da 49). Bulus ya lissafta abubuwa masu ƙarfi na sama da ƙasa, bai sami ko ɗaya da zai iya raba mai bi da ƙaunar Allah ba (Romawa 8). Ciwon ƙwaƙwalwa bai fi mutuwa ƙarfi ba, mutuwa kuwa an ci nasara a kanta.

Saboda haka kada ku yi ta jarraba shi da tambayoyi, kada kuma ku yi jayayya da dangi a kan gadonsa. Ku riƙe hannunsa ku yi gajeriyar addu'a. Ku raira masa tsofaffin waƙoƙin sujada da ya saba. Sau da yawa mai gigi wanda ya daina magana yakan kama waƙa ya bi, gama waƙa tana cikin abubuwan da suke daɗewa a ƙwaƙwalwa.

Kun san gawo, ya cika gonakinmu. Da damina, sa'ad da kowane itace yake kore, shi yana tsaye ba ganye, sai ka ce ya mutu. Manomi mai hankali ba ya sare shi, gama ya san geron ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina, ya kuma san zai yi ganye da rani. Tsohonku yana tsaye ba ganye yau. A ƙarƙashinsa kuka yi girma. Ranar tashin matattu kuwa Ubangiji zai ba shi sabon jiki da cikakken hankali, zai gane Mai Cetonsa, zai gane ku.

KAI FA, MAI KARATU?

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau kana da hankali, kana karatu kana ganewa. Ba ka san gobe ba. Kada ka ce sai ka tsufa za ka shirya da Allah, gama mai yiwuwa ne tsufa ya zo ya tarar ba ka iya shirya kome. Yesu Kristi ya mutu saboda zunubanka, ya tashi a rana ta uku. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi yau, tun kana sane da abin da kake yi. In akwai wanda ka yi wa laifi, ka nemi gafararsa yanzu. In akwai maganar gona ko bashi, ka faɗe ta gaban shaidu yanzu. 'Ya'yanka kuma suna kallon yadda kake yi da kakansu. A wurinka suke koyon yadda za su yi da kai.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka saboda iyayen da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka yi musu tsawa, da inda muka bar kaya a kan mutum ɗaya. Ka ba masu jiyya ƙarfi da barci da mataimaka. Ka kwantar da zuciyar tsofaffinmu sa'ad da duhu ya ruɗe su. Ka tuna da su, ya Ubangiji, ko da sun manta da kai. Cikin sunan Yesu Kristi muke roƙo. Amin.

TAMBAYOYI DOMIN IYALI

1. A gidanmu, wa yake ɗauke da yawancin jiyya? Yaushe rabon da ya huta?
2. Wane aiki ne kowannenmu zai karɓa daga wannan mako?
3. Akwai tsoho a garinmu da ake zargi ko aka yar? Me ikilisiyarmu za ta yi?

In ka gama karantawa, ka miƙa wa wani gida.